Karatun littafi, sauraro da kallo a wayar hannu: tambayoyin da aka fi yi

Waɗannan tambayoyi ne da suka yi ta maimaituwa a bakin mutane daban-daban: ɗalibai, matan gida masu bin labarai, almajiran ilimi masu tara littattafan Larabci, da dattawan da 'ya'yansu suka saya musu waya suka tafi suka bar su da ita. Na gaji da amsa su a tsaitsaye, shi ya sa na tara su wuri guda. Masu sauƙin suna sama, wanda ya riga ya san su sai ya gangara.

Mene ne littafin waya, kuma duk iri ɗaya ne?

Fayil ne kawai, kamar yadda waƙa da hoto suke fayil. Sai dai kashi biyu ne, kuma yawancin matsalolin da ke ƙasa daga rashin rarrabe su suke tasowa. Akwai wanda rubutu ne na gaske, haruffan da aka buga a kwamfuta ko a waya. Wannan za ka iya ƙara masa girma, ka nemi kalma a ciki, ka kwafi jimla. Akwai kuma wanda hoton shafukan littafin takarda aka ɗauka aka haɗa. A idonka rubutu ne, a wurin waya kuwa hoto ne, ba ta san ko baƙi ɗaya a ciki ba.

Gwajin ba wuya. Ɗora yatsa kan wata kalma ka ɗan danne. In kalmar ta canza launi, rubutu ne. In ba abin da ya faru, hoto ne. Nauyi ma yana tona asiri: labari mai kalma 100,000 ba ya kai mega 1 in rubutu ne zalla, amma mujalladi guda na hoto yakan ci mega 20 ko 30, wani ma fiye.

Wani dattijo ya ce tun kafin wayar shafa ana karanta littafi a kwamfutar aljihu. Haka ne?

Ya faɗi gaskiya. A 1996 kamfanin Palm na Amurka ya fito da Pilot, 'yar na'urar da ta cika tafin hannu, ana rubutu a fuskarta da ɗan tsinke, tana aiki da ƙananan batura biyu irin na rimot. Ma'ajiyar samfurin farko kilobayit 128 ce kacal, hoto ɗaya na wayar yau ba zai shiga ba. Don ajiye lambobi da jadawalin aiki aka yi ta, amma mutane suka ga tana ɗaukar rubutu, sai suka fara loda mata littattafai. A 2000 Microsoft ta kawo tsarin Pocket PC, wanda iPAQ ta kamfanin Compaq ta fi yin suna a kansa. Fuskarta mai launi ce, tana kunna MP3, ga manhajar karatu ta Microsoft Reader da nata tsarin fayil mai suna LIT. A shekarar ce kuma wani kamfanin Faransa, Mobipocket, ya fara nasa. Amazon ta saye shi a 2005, kuma a kan tsarinsa ta ɗora littattafan Kindle, na'urar karatun da ta fito da ita a 2007.

Mu a nan galibinmu ba mu riski wancan zango ba. Layin GSM sai 2001 ya shigo Najeriya, kuma kwamfutar aljihunmu ta farko ita ce Nokia mai madannai: littafi a fayil ɗin Java, bidiyon 3GP mai hazo-hazo, da Opera Mini. Abin dubawa a tarihin shi ne inda fayilolin suka kwana. HP ta saye Palm a 2010, Microsoft ta rufe Reader a 2012. Wanda ya tara littattafansa a LIT mai kulle ya ji a jikinsa. Wanda ya ajiye nasa a TXT, wato fayil na rubutu zalla, yau ma zai buɗe su a kowace Tecno. Za mu sake haɗuwa da wannan magana a tambayar sayen littafi cikin manhaja.

PDF, EPUB, TXT, DOCX: wanne ya fi dacewa da waya?

PDF kamfanin Adobe ne ya ƙirƙiro shi a 1993, don shafi ya fito yadda aka tsara shi a kowace kwamfuta, ba ƙari ba ragi. Nan ƙarfinsa yake, nan kuma yake cutar mai waya. Faɗin takardar A4 santimita 21 ne, faɗin fuskar waya kuwa wajen 7, don haka sai a matse shafin gaba ɗaya rubutun ya koma kamar jerin tururuwa. EPUB, wanda aka tsayar a 2007, halin ruwa gare shi: duk mazubin da aka zuba shi sai ya ɗauki siffarsa. Ka ƙara girman haruffa, layukan su sake jeruwa da kansu, babu jan shafi hagu da dama. Yana da jerin babi, yana riƙe bango da hotuna.

TXT rubutu ne tsirara, ba babi ba ado, amma babu na'urar da ba ta buɗe shi, har ƙananan wayoyi masu madannai da yawa. DOCX fayil ɗin Word ne, na mai rubutu ne ba na mai karatu ba. Marubutanmu na intanet sukan saki aikinsu a haka saboda a ciki suka rubuta, amma manhajar ofis nauyi gare ta, kuma kuskuren taɓa fuska kaɗan sai ka goge layi ba ka sani ba.

Ra'ayina: labari da duk abin da ake karantawa daga farko zuwa ƙarshe, a nemi EPUB, in babu a ɗauki TXT. PDF a bar wa littafin lissafi, jadawali, takardun makaranta, da littafin da ake kafa hujja da lambar shafinsa. Mai kwamfuta zai iya juya DOCX ko TXT zuwa EPUB da Calibre, manhajar kyauta da Kovid Goyal ya fara a 2006. Juya PDF zuwa EPUB dai ba kasafai kwalliya take biyan kuɗin sabulu ba: lambar shafi da kan magana sukan faɗo tsakiyar jimla.

Wace manhaja zan sauke?

Ɗaya ta isa. A Android, ReadEra da Librera da Moon+ Reader da FBReader duk suna buɗe EPUB da TXT, kuma suna tuna inda ka tsaya. Biyun farko sun fi sakin jiki da PDF. A iPhone akwai Apple Books. Don sauti da bidiyo VLC ta wadatar, kyauta ce kuma ba ta da talla. Daga Play Store ko App Store kawai za a ɗauko, dalilin yana cikin amsar tambayar littafin da ya nemi a girka shi.

Malam, rubutun PDF ɗin ƙanana ne, sai na yi ta buɗa shi da yatsu. Ba dabara?

Na taɓa zama kusa da wani malami a zaure yana bitar wani sharhin fiƙihu a waya. Babban yatsa da manuni suna buɗa shafi, ya karanta rabin layi, ya ja, ya karanta sauran rabin, ya dawo ya ɓata layin da yake, ya sake nema. Cikin minti goma bai gama shafi biyu ba, ga ido ya yi ja. Abu uku muka yi. Muka kwantar da wayar a kaikaice, faɗin ya ninka. Muka kunna yanke gefe, wato manhajar ta datse farin da ke kewaye da rubutu, wanda a tsofaffin bugu yakan ci wuri mai yawa. Sannan muka kulle girman, don kada shafi ya riƙa zamewa in an taɓa. Layi ya cika fuska daga gefe zuwa gefe, ya ce ashe haka abin yake.

In PDF ɗin rubutu ne na gaske, wasu manhajojin suna da yanayin da ke warware layukan su jeru kamar na EPUB. In hoto ne, wannan ba zai yi ba, kamar yadda aka bayyana a tambayar farko. Littafi mai matani a tsakiya da hashiya a gefe kuwa, gaskiya waya ba wurinsa ba ce. Tablet mai inci 10, ko ta hannu ce, ta fi masa.

Me ya sa ƙ da ɗ da ɓ suke fitowa akwati-akwati, ko wasu alamomi marasa kan gado?

Cuta biyu ce daban. In akwati ko alamar tambaya ka gani a gurbin harafin, salon rubutun da manhajar ke amfani da shi ne ba shi da haruffa masu ƙugiya. Shiga saiti ka canza zuwa na wayar kanta, ko Noto, ko Charis, ko Andika. In kuwa ka ga Æ™ a inda ya kamata a ga ƙ, ko É da wata alama a inda ɗ ko ɓ take, to fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta karanta shi da tsohon tsarin Turai. Nemi wurin zaɓen tsarin haruffa ka sa UTF-8. Kada ka adana fayil ɗin yana a birkice, don in ka yi haka birkicewar ta zauna.

Akwai wani abin da ke ruɗa masu neman kalma. Marubuta da yawa har yanzu k' da d' da b' suke bugawa, wasu ma k da d kawai, al'adar da aka gada daga zamanin da madannan waya ba su da haruffan. Saboda haka in ka nemi ƙasa ba ka samu ba, gwada k'asa, gwada kasa. Haka bugun Nijar yake rubuta ƴ inda na Najeriya ya fi sa 'y. Mai rubutu kuma ya sani Gboard, manhajar madannai ta Google, tana da Hausa, uzurin ya ƙare.

Littattafan Larabci da na ajami fa?

Mafi yawan littattafan Larabci da ke yawo hoton bugu ne, don haka ba a neman kalma a ciki. Mai bincike ya riƙe Maktaba Shamila, wadda ke da manhajar waya. Rubutu ne na gaske, ana neman lafazi a ɗaruruwan littattafai lokaci guda, kuma a yawancinsu lambar shafi ta dace da ta bugu. Amma akwai kurakuran bugawa jefi-jefi, shi ya sa masu lura suke nemo wuri a Shamila sannan su tabbatar a hoton bugun.

Wanda ya tashi da Warshu ya duba kafin ya sauke Alƙur'ani, domin yawancin manhajoji da Hafsu suke buɗewa. Wasu suna da Warshu a saiti, sai dai rubutun ba lallai ya zama irin na allo da ya saba ba, mai fa da ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama. Ajami na hannu hotonsa ya fi, a PDF. Wanda ke son buga sabo kuwa, ƙungiyar SIL ta yi salon rubutu biyu na kyauta: Alkalami, mai kwaikwayon hannun Kano, da Harmattan. In za ka tura abin da ka buga da su, mayar da shi PDF, in ba haka ba wayar da ba ta da salon za ta nuna shi da hannun gabas, irin na littattafan Larabci na bugu.

An turo min littafi a WhatsApp, na karanta rabi, yanzu ko sama ko ƙasa.

'Yar'uwa, in ba ki goge hirar ba, buɗe ta ki shiga wurin takardu. In kin goge, duba ma'ajiyar waya. A sabbin Android hanyar ita ce Android, sai media, sai com.whatsapp, sai WhatsApp, sai Media, sai WhatsApp Documents. In babu a can, watakila manhajar share shara ce ta kwashe, ko kin taɓa goge kayan guruf don samun wuri.

Maganin na gaba: ki buɗe folda guda ki sa mata suna Littattafai, duk wanda ya shigo ki kwafe shi can a ranar, ki kuma canza masa suna. Fayil mai suna DOC da dogon jerin lambobi, bayan wata uku ko ke ba za ki gane shi ba.

Wane katin memori zan saya, kuma yaya ake gane na bogi?

Fara da duba iyakar abin da wayarka ke ɗauka. Katin da bai wuce giga 32 ba yakan zo da tsarin FAT32, kusan kowace na'ura tana karanta shi, har rediyo mai kati da sifikar mota, amma fayil guda ba zai kai giga 4 a kansa ba. Daga giga 64 zuwa sama exFAT ne, ba shi da wannan iyaka, sai dai tsofaffin na'urori da yawa ba su san shi ba. In ka sa katin giga 32 ka ga wajen 29, ko na 64 ka ga wajen 59, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne: masu ƙerawa da 1,000 suke ƙirga, na'ura da 1,024.

Cutar tana wani wuri. Na taɓa sayen kati an rubuta 64 a jikinsa, a kuɗin da bai kai rabin na shago ba, na ɗauka na yi sa'a. Waya ta nuna 64 ɗin. Na kwashe karatun tafsiri na shekara uku na zuba, har da bidiyon sunan 'yata, na goge na wayar don in sami wuri. Sunayen fayilolin duk suna nan a jere, gwanin sha'awa. Na farko-farkon suna buɗewa. Daga wajen giga 7 zuwa gaba kuwa, duk wanda na taɓa sai waya ta ce ba ta gane shi ba. Katin giga 8 ne aka yi wa dabara yake faɗin ƙarya, abin da ya wuce cikinsa iska yake bi. Bidiyon sunan nan har yau ban sake ganinsa ba.

Fomat ba ya tona irin wannan kati. Gwaji ɗaya ne: a cika shi maƙil sannan a karanta abin da aka zuba. A kwamfuta manhajar H2testw tana yin haka. In babu kwamfuta, cika shi da manyan bidiyoyi ka buɗe na ƙarshe-ƙarshen, ka ja su har ƙarewa. Yi wannan a ranar da ka saya, tun mai shago bai manta fuskarka ba, kuma kafin ka goge komai daga waya.

Karatu na sauti nawa kati zai ɗauka?

Lissafin a buɗe yake. MP3 mai ingancin 128, wato kilobit 128 a daƙiƙa, yana cin kusan mega 1 a minti, awa guda wajen mega 58. A 64, awa guda wajen mega 29 ne. A 32, wajen 14. Waƙa mai kiɗa tana son 128 ko sama. Muryar mutum ɗaya a wa'azi ko darasi 64 ta ishe ta, a 32 ma ana jin magana sarai. Darasin awa biyu kullum na kwana 30 a ingancin 64 bai kai giga 2 ba. Littattafan rubutu kuwa ba su ne ke cika waya ba, dubu ɗaya daga cikinsu ba su kai fim guda ba. Bidiyon guruf-guruf ne ɓarayin wuri.

Bidiyo yana buɗewa ba murya, ko yana tsinkewa. Wani sautin kuma rediyon kati ba ya kunna shi.

MP4 da MKV kwali ne, abin da ke ciki daban. In akwai hoto ba murya, yawanci muryar a tsarin AC3 take ko DTS, manhajar wayar ba ta iya su ba. Buɗe da VLC. In hoton yana sarƙewa, wataƙila tsarin bidiyon H.265 ne kuma wayar tsohuwa ce, ko kuma girmansa ya fi ƙarfinta. Nemi na H.264. A fuskar inci 6, bidiyo mai ingancin 480 ko 720 ya wadatar, 1080 cin wuri ne da cin caji. Fassarar da ke bin ƙasan fim fayil ne daban mai ƙarewa da srt. Sa shi folda ɗaya da fim ɗin, da suna iri ɗaya, zai hau da kansa.

Saƙon murya na WhatsApp a tsarin opus yake, ƙananan rediyoyi masu kati kuma MP3 suka sani. In za ka zuba wa Baba ko Inna karatu a irin wannan rediyo, juya shi MP3 tukun, ka sa lamba a gaban kowane suna, 01, 02, 03. In ka rubuta 1, 2, 10, wata na'urar sai ta kunna na 10 kafin na 2. Katin kuma ya zama FAT32, kamar yadda ya zo a amsar katin memori.

Yaya zan tura ba tare da data ba?

Bluetooth ya isa ga littafi ko waƙa ɗaya, ga fim kuwa sai ka yi gyangyaɗi. Xender da Quick Share, wadda ke zuwa cikin yawancin Android, suna haɗa waya da waya kai tsaye ta Wi-Fi, ba sa taɓa data. Filashi mai bakin waya ma yana yi. In wurin masu turi za ka, ka ce a zuba a kati ko a folda guda, kuma kada ka bar waya a buɗe ka tafi sallah.

Karatu yana cinye min caji, idona kuma yana zafi da dare.

Hasken fuska ne babban mai shan batir, ba littafin ba. Rage shi, ka kashe data, tunda littafin da ke cikin waya ba ya buƙatarta, tallan wasu manhajojin ma da ita yake shigowa. Baƙin shafi da farin rubutu yana rage shan caji a fuskar AMOLED, domin ɗigon da ya yi baƙi a kashe yake. A fuskar LCD fitilar baya a kunne take ko yaya, ba abin da ya ragu. Sauraro da fuska a kashe shi ne mafi araha.

Zafi ne ke tsufar da batir. Masu ƙera waya sukan sa iyakar amfani a digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu 40 muke wucewa. Kallon fim waya tana caji, cikin riga, a kan katifa, haɗa mata zafi uku ne. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi a canza shi, kada a danna. Game da ido, Hajiya, karatu cikin gidan sauro a duhu da haske a ƙure shi ne matsalar. Ki sa shafi mai ruwan ƙasa-ƙasa, ki ƙara girman haruffa maimakon kawo wayar kusa da hanci, ki riƙa ɗaga kai ki kalli nesa duk bayan minti 20.

Na danna littafi sai ya ce in girka shi. In yarda?

A'a. Littafi buɗe shi ake yi, ba a girka shi. Duba ƙarshen sunan fayil ɗin: in apk ne, manhaja ce aka sa wa rigar littafi, ko da an rubuta pdf a tsakiyar sunan. Wasu talla kawai suke cika waya da ita. Wasu kuwa izinin karanta saƙonni suke nema, kuma ta saƙo ne banki ke turo lambar tabbatarwa. In ka riga ka girka, kashe data, cire ta, bi izinin da ka bayar ka janye, sannan ka canza lambar sirrin banki daga wata wayar.

Na sayi littafi a cikin manhaja. Nawa ne har abada?

Ya danganta da abin da aka ba ka. In fayil aka miƙa maka, EPUB ko PDF da za ka iya kwafa zuwa kati, naka ne. In a cikin manhajar kaɗai yake buɗewa, izinin karatu ka saya, kuma izinin yana raye ne muddin kamfanin yana raye. A 2019 Microsoft ta rufe shagon littattafanta, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗewa, ta mayar musu da kuɗinsu. A gida ma OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sayar da aikinsu a kanta, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023.

Ban ga laifin marubucin da ya kulle littafinsa ba. Marubuciya ta yi wata shida tana bugawa da babban yatsa, ta sa kuɗi kaɗan, mutum ɗaya ya biya, kafin magariba littafin yana guruf goma. Wannan ne ya kora su zuwa manhajoji masu kulle irin ArewaBooks da rufaffun guruf na kuɗi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu tsawon ran marubuci da shekara 70 bayansa, kuma ba ta ware wanda aka rubuta a waya ba. Kwafin ajiya don kanka daban, watsawa daban. Wanda ya biya ya watsa, shi ne ya jawo wa sauran masu saye kullen da suke kuka da shi.

Ina ake samun na kyauta da ba na sata ba?

Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da littattafai sama da 70,000 da haƙƙinsu ya ƙare, galibi na Turanci, akwai na Faransanci ga 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Cadi. African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara da Hausa, masu hotuna, ana sauke su. Jami'ar Boston ta ɗora hotunan rubuce-rubucen ajami a intanet, har da na Hausa. Manhajar Kiwix tana ba ka damar sauke Wikipedia ka karanta ba data. A Wattpad kuma marubuta da yawa da kansu suke sa labaransu kyauta.

Ya dace in sayi Kindle ko irinta?

In kana karatu awa biyu ko uku kullum, kuma EPUB ne yawancin abin da kake karantawa, eh. Fuskar Kindle da takwararta Kobo ba irin ta waya ba ce, kamar tawada take a takarda, ana gani tar a tsakar rana, caji ɗaya yakan yi makonni tunda sai an juya shafi take jan wuta sosai. Ga mai fama da rashin wuta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ta bidiyo, kuma hoton littattafan Larabci a fuskar inci 6 wahalar da aka faɗa a tambayar PDF ce za ta dawo, har da ƙarin jinkirin juya shafi. Kobo tana buɗe EPUB kai tsaye. Kindle sai an bi ta hanyar turawa ta Amazon, ko a juya shi da Calibre.

Zan canza waya, ko za a yi mata filashin. Me zan kwashe?

Foldar littattafai, foldar sauti, da WhatsApp Documents in har ba ka bi shawarar da ke sama ba. Kwafi biyu za ka yi, a wuri biyu: ɗaya a katin da ka gwada ko filashi, ɗaya a Google Drive. Asusun Google yana ba da giga 15 kyauta, amma Gmail da hotuna da ajiyar WhatsApp duk daga ciki suke ci, don haka littattafai da abin da ba a sake samu su fara shiga, fim ya jira. Ka tabbatar ka san kalmar sirrin asusun, ba yaron da ya buɗe maka shi a shago kaɗai ya sani ba.

Katin da aka saita a matsayin ma'ajiyar cikin waya a kulle yake da wannan wayar, in an yi filashin ko an sa shi a wata ba zai buɗe ba. Kwashe abin da ke kai tun wayar tana aiki. Wanda aka bari a matsayin kati na cirewa kuwa, zare shi ka sa a aljihu kafin ka miƙa wa mai gyara.

Alamar inda ka tsaya, layukan da ka ja, da bayanan da ka rubuta a gefe, a yawancin manhajoji ba a cikin littafin suke ba, a cikin manhajar suke. Shiga saitinta ka nemi wurin fitar da ajiya, zai ba ka ɗan fayil guda, ka haɗa shi da littattafan. A sabuwar wayar ka zuba littattafan a folda mai suna iri ɗaya da ta da, sannan ka shigo da ɗan fayil ɗin.